Koyar da Yara Sarrafa Maimaitawa a Kodin na Tubala: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na malaman firamare ne da iyaye da masu kula da kulob ɗin kwamfuta, waɗanda yaransu sun iya jera tubali a kan tubali, amma da aka zo kan maimaitawa sai abu ya cije. Yawancin misalan daga manhajojin Scratch da ScratchJr suke, inda yaro ke tsara umarni ta hanyar haɗa tubala a allo. Za a kira tubalan da Hausa, a kuma faɗi abin da aka rubuta a jikinsu da Turanci don a gane su a allo.

Mene ne tubalin maimaitawa, kuma me ake nufi da sarrafa shi?

Tubali ne mai buɗaɗɗen baki kamar harafin C. Duk abin da aka zura a bakin, kwamfuta za ta yi shi daga sama zuwa ƙasa, ta koma sama ta sake. Kowace komawa ita ce zagaye ɗaya. A Scratch iri uku ne, duk a rukunin tubala masu ruwan lemo: mai ƙidaya, wanda aka rubuta wa "repeat" da gurbin lamba, na har abada, wato "forever", da mai sharaɗi, wato "repeat until", wanda ke ta zagaye har sai wani abu ya tabbata.

Jawo tubalin ba wahala, ɗan shekara shida zai iya cikin minti ɗaya. Sarrafa shi kuwa shi ne yaro ya iya amsa tambayoyi uku tun kafin ya danna koriyar tuta, maɓallin da ke tayar da aikin: me ke cikin baki, me ke waje? Sau nawa za a zagaya? Me zai tsayar da shi? Kusan duk matsalolin da ke ƙasa, in aka tona, ɗaya daga cikin ukun nan ce ta kuɓuce wa yaro.

Daga shekara nawa ake farawa, kuma da wace manhaja?

ScratchJr, wadda ta fito a 2014, an yi ta ne don 'yan shekara 5 zuwa 7. Babu rubutu a jikin tubalanta sai hotuna da lambobi, kuma a kwamfutar hannu take aiki. Scratch kuwa rukunin Mitchel Resnick ne a jami'ar MIT ta Amurka ya fitar da ita a 2007, don 'yan shekara 8 zuwa 16. Wadda ake amfani da ita yanzu, Scratch 3, ta zo a farkon 2019. Duka biyun kyauta ne.

Shekaru ba su ne ma'auni ba. Yaron da zai iya ƙidaya abubuwa goma yana nuna kowanne da yatsa, kuma ya iya jera umarni huɗu ko biyar a kan tsari, ya isa shiga maimaitawa. Wanda har yanzu jeren umarni ke ruɗa shi, a bar shi a can tukuna.

Ana cewa a fara ba tare da kwamfuta ba. Yaya ake yi?

A fara da abin da yara ke gani a gida, don irin ukun nan duk suna can. Mai jan carbi bayan salla ya san adadinsa tun kafin ya fara, 33: mai ƙidaya ke nan. Mai daka ba ta ƙirga sau nawa taɓarya ta sauka, tana yi ne tana dubawa har sai hatsi ya yi gari: mai sharaɗi. Fanka kuwa juyawa take, ba ta san tsayawa ba sai an kashe ta ko an ɗauke wuta: na har abada. A bar yara su kawo nasu misalan su rarraba su da kansu. Jan ruwa da guga har randa ta cika, a ina za a sa shi? Da kewaya fili sau biyu a lokacin motsa jiki?

Daga nan sai katuna. A zana umarni ɗaya a kowane kati: tafa hannu, tsalle, taku gaba, juya dama. A shimfiɗa tara a ƙasa kamar haka: tafa, tafa, tsalle, tafa, tafa, tsalle, tafa, tafa, tsalle. Aji su yi shi tare, sannan a tambaye su a ina ne abin ya koma farko. In sun gano, a kwashe shida a bar uku, a kewaye su da igiya ko alli, a aza katin lamba 3 a kai. Yaro ɗaya ya zama kwamfuta yana bin katunan, wani ya riƙe tsakuwa uku yana ajiye ɗaya duk ƙarshen zagaye. Tsakuwar nan tana da muhimmanci, domin a Scratch ƙidayar a ɓoye take, yaro ba ya ganin saura nawa.

Kuskure biyu ne ke fitowa a nan, kuma gara su fito a tsakar aji da su fito a allo. Wasu za su ƙirga katunan duka su ce a maimaita sau 9. Wasu za su ce tafa sau 6, tsalle sau 3. Na biyun nan lissafinsu daidai ne, tsarin ne ya ɓaci; a sa su yi shi da jiki, kunnensu zai gaya musu ba waƙar ɗazu ba ce.

Wanne ya kamata a fara koyarwa cikin ukun?

Mai ƙidaya. Shi ne kaɗai yaro zai iya lissafa ƙarshensa da yatsu ya ce ga inda kyanwa, hoton da ke bin umarni a Scratch, za ta tsaya. Na har abada ya fi burge yara, kuma da yawa za su gano shi da kansu tun ranar farko, ba laifi, amma ba ya tilasta musu tunanin komai: an saka, abu ya yi ta motsi, shi ke nan. Mai sharaɗi ya zo a ƙarshe, bayan sun saba da tubalin "if" da tubala masu tsini biyu da ke amsa i ko a'a.

Yaya darasin farko a Scratch zai kasance?

Kada a ba su allo fanko. A haɗa musu dogon jeri tun kafin su shigo: "move 40 steps" sannan "wait 1 seconds", a sake biyun nan har sau biyar, tubala goma ke nan a ƙarƙashin tutar, da "go to x: 0 y: 0", mai mai da kyanwa tsakiya, a can sama. Kafin a taɓa komai, kowa ya rubuta a takarda inda kyanwa za ta tsaya. Amsar ita ce x 200, wato taku 200 zuwa dama, kuma lambar tana bayyana a ƙasan dandali, filin da kyanwa ke motsi a kai. A danna, a duba.

Sai a ce su rage tubalan ba tare da aikin ya canza ba. Goma su koma uku: mai ƙidaya da lamba 5, da biyun a bakinsa. Bayan haka canji ɗaya-ɗaya, kowanne da hasashe kafin dannawa. A mai da 5 ta zama 3, kyanwa ta tsaya a 120. A zare tubalin jira a liƙa shi a ƙasan bakin. A kawo "say Na iso! for 1 seconds" a sa shi a ciki, kyanwa ta yi ta cewa ta iso tun ba ta iso ba, aji su yi dariya, sannan a fitar da shi waje ta faɗa sau ɗaya a ƙarshe. Wannan mataki na ƙarshe shi ne zuciyar darasin, a ba shi lokaci ko da sauran za su bi jirgi. Minti 40 ya isa duka.

Abu biyu na hannu da ke ba yara haushi: in aka ja tubali, duk na ƙasansa suna biyo shi, kuma in aka saki tubalin maimaitawa a tsakiyar jeri, yana haɗiye duk abin da ke ƙasa da wurin. A nuna musu inuwar toka-toka da ke fitowa kafin a saki, ita ke nuna inda tubali zai zauna.

Me ya sa tubala goma na "move 10 steps" ke sa kyanwa tsalle nan take, amma mai ƙidaya ya sa ta tafiya a hankali? Ba daidai suke ba?

A wurin tsayawa daidai suke, duka taku 100 ne. Bambancin a zanen allo yake. Scratch tana sabunta dandali sau 30 a daƙiƙa, kuma idan abu ya motsa takan dakata a ƙarshen kowane zagaye a zana sabon hoto. Tubala goma da aka jera ba maimaitawa duk suna gudana ne kafin a zana hoto ko ɗaya, shi ya sa ido ke ganin tsalle. Mai ƙidaya da lamba 10 kuwa yana cin kusan sulusin daƙiƙa, mai lamba 30 kusan daƙiƙa guda.

In wata rana komai ya koma gudu kamar walƙiya a kwamfuta ɗaya kawai, a duba gefen tuta. Yaro ya danna ta yana riƙe da maɓallin Shift, ya kunna "Turbo Mode" bai sani ba. A sake yin hakan, ya mutu.

Zanen siffofi ya dace da wannan mataki?

Babu abin da ya kai shi, domin kuskure yana zana kansa a allo. Dabarar tsohuwa ce, ta samo asali daga Logo, harshen da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1967, inda yara ke tura kunkuru ya ja layi. A Scratch 3 alƙalami ba ya cikin tubalan farko, sai an danna maɓallin ƙari da ke kusurwar hagu ta ƙasa an zaɓi "Pen".

Murabba'i: maimaita sau 4, tafi taku 100, juya digiri 90. Daga nan a ce su yi alwatika. Kusan kowane aji za su canza 4 zuwa 3 su bar 90, su sami murabba'i mai gefe ɗaya a buɗe. Waɗanda suka yi lissafi a makaranta za su sa 60, don an koya musu kusurwar alwatika mai gefe daidai 60 ce, sai su ga rabin siffa mai gefe shida. Dalili shi ne kyanwa ba ta juya kusurwar ciki, tana juya abin da ya rage daga miƙaƙƙiyar hanyarta ne, wato 120. Bayani da baki ba ya shigar da wannan. A zana alwatika babba a ƙasa da alli, yaro ya taka ta yana miƙe da hannu gaba, ya ji yadda juyin kowace kusurwa ya wuce na murabba'i.

Ƙa'idar ita ce duk wanda ya kewaya siffa ya dawo yana fuskantar inda ya fara, ya yi juyi ɗaya cikakke, digiri 360. A raba 360 da yawan gefe: biyar 72, shida 60, takwas 45. Maimaita sau 36 da taku 10 da digiri 10 yana ba da abin da ido ke ɗauka da'ira ce. Lambar da tubalin juyi ke zuwa da ita, 15, tana buƙatar zagaye 24. Tauraro mai tsini biyar kuwa sau 5 ne da digiri 144, don shi juyi biyu yake yi. Kada a ba su ƙa'idar a ranar farko; a cika tebur a allo da siffofin da suka yi nasara, gefe nawa, digiri nawa, a ce su ninka su ga abin da ke fitowa.

A kula da girma. Dandali faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, tsakiyarsa 0. Scratch ba ta barin ɗan wasa, wato kyanwa ko duk wani hoton da ke bin umarni, ya fice daga dandali gaba ɗaya, don haka in aka sa gefe 300 daga tsakiya, kyanwa za ta maƙale a baki, siffa ta karkace ko da lambobin yaro daidai ne.

An danna tuta karo na biyu, sakamakon ya bambanta da na farko. Me ya faru?

Koriyar tuta ba ta mayar da komai farko. Kyanwa tana tashi ne daga inda ta tsaya, tana fuskantar inda ta fuskanta, tsohon zane yana nan. A koya musu shimfiɗa: tubala uku a saman kowane aikin zane, wajen bakin maimaitawa, wato "go to x: 0 y: 0", da "point in direction 90", da "erase all". Alƙalami kuma a sauke shi bayan an koma farko, in ba haka ba za a ja layi daga tsohon wuri.

Da zarar sun koyi shimfiɗar, wani zai zura ta cikin baki. Sai kyanwa ta yi ta komawa farko kowane zagaye, ta zana layi ɗaya tak sau huɗu a wuri guda. Haka ma "set maki to 0" in ya faɗa ciki, maki ba zai taɓa wuce 1 ba. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ruɗa "set" da "change": "set x to 10" sau ɗari yana barin kyanwa a 10, "change x by 10" shi ke ciyar da ita gaba.

Yaro yana son liƙa tubali a ƙasan na har abada, ya ƙi kamawa. Manhajar ce ta lalace?

A'a. A sa shi ya duba gindin tubalin: sumul yake, ba shi da ɗan haƙorin da sauran ke da shi. An yi haka da gangan, don ba ranar da za a iso ƙasansa. Tambayar da za a yi wa yaron ita ce yaushe yake son wannan abin ya faru. In ya ce bayan kyanwa ta taɓa bango, to ba na har abada yake nema ba, mai sharaɗi yake nema. In ya ce a lokaci guda, sai ya jawo wata tutar ya fara jeri na biyu a gefe, duka biyun za su gudana tare.

Tsayar da na har abada kuwa, akwai jan maɓalli kusa da tuta, akwai kuma tubalin "stop" mai zaɓi uku. "All" yana tsayar da aikin kaf, shi ake sa wa a ƙarshen wasa. "This script" yana tsayar da jerin da yake ciki kawai. "Other scripts in sprite" yana tsayar da sauran jerin wannan ɗan wasa ya bar nasa, kuma shi kaɗai ne cikin ukun ake iya liƙa wani tubali a ƙasansa.

An sa "if key space pressed" a ƙarƙashin tuta, ana ta danna maɓallin, ba abin da ke motsi.

Tubalin "if" sau ɗaya yake tambaya. A daidai lokacin da aka danna tuta ya duba, ya ga ba a danne maɓallin ba, ya wuce, jeri ya ƙare, duk kafin yatsan yaro ya bar linzami. Yara na ɗauka "if" maigadi ne da ke tsaye yana jira, alhali mai leƙe ne da ya leƙa ya tafi. A saka shi cikin na har abada ya yi ta leƙe. Don su gani da ido, a ce su danne maɓallin tun kafin a danna tuta: zai yi aiki sau ɗaya. A kuma nuna musu hasken rawaya da ke kewaye jeri muddin yana gudana. In hasken ya ɗauke, ba wanda ke sauraron maɓalli.

Mai sharaɗi ya ƙi tsayawa, ko ya ƙi farawa. Ina za a duba?

Wuri uku.

Na farko, alamar daidai. A ce sharaɗin shi ne x ya zama daidai 100, kyanwa kuma tana taku 7 daga 0. Za ta bi 91, 98, 105, ta tsallake 100, ta yi ta tura bango har a gaji. Da taku 10 aikin zai tafi lafiya, shi ya sa kuskuren ke ɓuya har sai an canza lamba. Maganinsa a yi amfani da "ya fi": x ya fi 99. Scratch alamomi uku kawai gare ta, ƙasa da, daidai, da ya fi, babu "ya kai ko ya fi" a tubali ɗaya. Irin wannan tsallake yana faruwa da taɓa launi: ƙaramar ƙwallo mai taku 30 tana iya haye siririn layi ba ta taɓa shi ba, don ba ratsawa take ba, ɓacewa take a nan ta bayyana a can. A rage taku ko a kaurara layin.

Na biyu, babu abin da ke cikin bakin da ke kusantar da sharaɗin. An ce a maimaita har sai maki ya fi 9, amma ba inda ake ƙara maki. Randa ba za ta cika ba in guga ba ya zuba ruwa a cikinta.

Na uku, sharaɗin ya riga ya cika. Tubalin yana dubawa ne kafin kowane zagaye, har da na farko. In kyanwa ta kwana a jikin bango daga gwajin baya, "har sai ta taɓa bango" ba zai zagaya ko sau ɗaya ba. Shimfiɗa ce ba a yi ba. Kuma tunda a saman zagaye kawai ake dubawa, in sharaɗin ya cika a tsakiya, sai an gama sauran tubalan bakin kafin a fita. Jira na daƙiƙa 2 a ciki yana iya sa a rasa taɓawar gaba ɗaya.

A wasan kamun ƙwallo, taɓawa ɗaya sai maki ya haura da yawa.

Muddin suna manne, kowane zagaye taɓawa ce sabuwa a wurin kwamfuta, kuma zagayen suna da yawa a daƙiƙa. Ko dai ƙwallon ta koma wani wuri nan take da "go to random position", ko a sa "wait until" da "not touching" bayan ƙarin makin. Yara sukan toshe ramin da jira na daƙiƙa 1. Yana ragewa, amma in suka daɗe a manne makin zai ci gaba da hawa.

Danginsa biyu: "create clone", mai yin kwafin ɗan wasa, a cikin na har abada ba jira yana cika iyakar kwafi 300 nan da nan, daga nan ba sabon da zai fito. "Broadcast", mai aika saƙo ga wani jeri, a cikin na har abada kuma yana sa jerin da ke karɓar saƙon ya yi ta komawa farko bai gama ba; a musanya shi da "broadcast and wait".

Ƙafafun kyanwa na rawa da sauri, sauti kuma yana ƙyarƙyara.

Kyanwar Scratch shiga biyu gare ta, "next costume" ba jira yana musanya su sau 30 a daƙiƙa. Jira na 0.2 yana ba da tafiya mai kyan gani. In jiran ya sa tafiyar kanta ta yi nauyi, a raba jeri biyu, ɗaya na motsi, ɗaya na shiga. Sauti kuwa "start sound" ba ya jiran a gama, kowane zagaye yana katse shi ya faro. "Play sound until done" ake so. In kyanwa ta kife bayan ta daki bango, wannan ba laifin maimaitawa ba ne, a sa salon juyi ya zama "left-right".

Yaushe za a shiga maimaitawa cikin maimaitawa?

Bayan yaro ya iya yin murabba'i ba ya kallon na kowa. A ba shi wannan: na waje sau 12, a bakinsa murabba'i mai gefe 60, sannan juyi na digiri 30 bayan murabba'in, har yanzu a cikin na waje. Fure zai fito. Wurin da ake faɗuwa shi ne juyin 30 ɗin: in ya zame cikin na ciki, kowane juyi ya zama 120, a sami alwatika maimakon murabba'i, in ya fita waje gaba ɗaya, a zana murabba'i ɗaya sau 12 a kan kansa.

A tambaye su sau nawa tubalin tafiya ya yi aiki. Da yawa za su ce 16, sun tara. Amsar 48 ce, ninkawa ake. Carbi ya sake amfani a nan: zikiri uku, kowanne 33, sai an gama na farko kaf ake shiga na biyu, jimla 99. In tubalan sun yi wa yaro yawa a ido, a yi sabon tubali daga "My Blocks" a sa masa suna murabba'i, sai furen ya koma tubala uku da za a karanta kamar magana. Akwai akwatin "run without screen refresh" a wurin yin tubalin. Yana sa zane ya fito nan take, amma kada a sa jira ko na har abada a cikin irin wannan tubali, aikin zai riƙa sarƙewa.

Me ya bambanta a ScratchJr?

Jeri daga hagu zuwa dama yake tafiya, tubalin maimaitawa kuma yana miƙewa ne a kan tubalan kamar rumfa, da lambar 4 a ƙasansa da ake dannawa a canza. Na har abada jan tubali ne da ake liƙawa a ƙarshen jeri, kuma jerin duka yake maimaitawa. Mai sharaɗi babu shi. Dandali gida-gida ne, 20 a kwance, 15 a tsaye. A kunna layukan gidajen don yara su ƙirga da yatsa.

Abu uku ke ba wanda ya saba da Scratch mamaki. Tubalin juyi hoton kawai yake juyawa, 12 ne juyi cikakke, ba ya canza hanyar tafiya, don haka dabarar murabba'i ta sama ba ta aiki. Lambar jira ba daƙiƙa ba ce, 10 ita ce daƙiƙa ɗaya. Kuma ɗan wasan da ya fita ta dama yana ɓullowa ta hagu. Aikin da ya fi dacewa shi ne matakala: sau 5, dama 2, sama 1, a ce su nuna gidan da zai tsaya tun kafin ya tashi.

Yaro yana ta canza lambobi da ka har abu ya yi daidai. A bar shi?

Kaɗan ba laifi, haka ake sanin halin kayan aiki. In ya zama ɗabi'a, a kafa doka: ba a danna tuta sai an faɗi abin da zai faru, kuma abu ɗaya ake canzawa a gwaji ɗaya. Don a fito da ƙidayar fili, a yi ma'aji, wato "variable" mai riƙe lamba, mai suna zagaye, a sa shi 0 a sama, a ƙara masa 1 a cikin baki, kyanwa ta faɗi lambar na rabin daƙiƙa. Yanzu tsakuwar nan ta dawo allo. In ya kira ku ya ce ya ƙi yi, kada ku karɓi linzami; ku ce ya bi tubalan da yatsa yana karantawa da ƙarfi, ku kuna yin abin da ya faɗa da jikinku, daidai yadda ya faɗa.

Ga masu ƙiriniyar gwaji: mai ƙidaya da 0 ko lamba ƙasa da sifili ba ya zagayawa, 2.5 yana zama 3, kuma in ma'aji aka sa a gurbin lambar, sau ɗaya ake karanta shi a farko, canza shi a cikin baki ba ya ƙara zagaye.

Kwamfuta kaɗan ce, intanet da wuta ba tabbas.

Scratch tana da manhajar da ake saukewa sau ɗaya ta yi aiki ba intanet, ScratchJr ma haka, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake iya zaɓa a Scratch. Yara biyu a kwamfuta ɗaya ya fi ɗaya-ɗaya amfani a wannan darasi: ɗaya da linzami, ɗaya yana karanta tubala yana hasashe, a musanya duk minti biyar da agogo, in ba haka ba mai ƙarfin baki zai riƙe har a tashi. Waɗanda ke jiran layi a ba su tubalan takarda a yanke a gauraye su jera. A ajiye aiki akai-akai, don manhajar da aka sauke ba ta ajiyewa da kanta.

Ta yaya za a gane ya fahimta, ba haddacewa ya yi ba?

A kashe allo a ba shi takarda. Sau 3, tafi 20, sannan a wajen baki tafi 50: ina kyanwa ta tsaya? Mai cewa 110 ya gane. Mai cewa 210 bai raba ciki da waje ba. Mai cewa 70 bai ga maimaitawar ba sam. Sai tambayar shuka: sau 5, buga hoton bishiya, tafi 50. Bishiya nawa, tazara nawa a tsakaninsu, ina kyanwa? Biyar, huɗu, kuma tana taku 50 gaba da ta ƙarshe.

In sun koma wata manhajar, abin da suka koya zai bi su?

Tambayoyin uku suna nan, sai dai a yi hattara da abu biyu. A MakeCode, da ake tsara ƙaramin allon micro:bit da ita, akwai tubalin "for index from 0 to 4". Yara na ganin 4 su ce sau huɗu, alhali biyar ne, don ƙirgar daga sifili ta tashi. A Python kuwa, harshen kodi da ake rubutawa da madannai, "range" da 4 a ciki yana ba da 0, 1, 2, 3, zagaye huɗu, ba ya kaiwa 4 ɗin. Na biyu, "while" kishiyar "repeat until" ne: wancan yana zagaye muddin sharaɗi gaskiya ne, wannan yana tsayawa da zarar ya zama gaskiya. "Har sai randa ta cika" yana komawa "muddin randa ba ta cika ba", kuma a sa yara su juya jimloli biyar irin wannan da baki kafin su taɓa madannai.